Kawu Mai Zane da Katakon da Na Ɓoye

Ranar Talata da hantsi Kawu ya koma ga wanda ya yi shi, inda dukkanmu muka dosa, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina goye, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni, don haka a zaman makoki ni ake yi wa gaisuwa kamar 'yar cikinsa. Kwana uku ina zaune a kan tabarma a tsakar gidansa a nan Haɗeja, kusa da matarsa da muke kira Iya, ina amsa "ya haƙuri" da bakina, zuciyata kuma tana wani wuri.

Mutane sun zo, har da waɗanda ban zaci suna raye ba. Tsofaffin direbobin manyan motoci suka aiko a kira ni zaure, don sun san ni tun ina rarrafe a cikin gwangwanayen fenti. Ɗaya daga cikinsu, wanda haƙoransa suka ƙare saura biyu, ya riƙe baki yana cewa, "Ashe Fenta ya tafi. Shi ya zana mini zaki a bayan motata, har Legas ana nuna ta." Masu aski suka zo, 'yan kasuwar kifi suka zo da ƙarninsu. Wani tsohon malamin makaranta, Kirista ɗan Filato da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, ya zo da matarsa. Ita ta shigo ciki ta kama hannuwana biyu tana hawaye, ta ce, "Atis ɗinmu ya bar mu, 'yata." Kowa da sunan da yake kiransa, shi kuwa suna ɗaya ya yarda da shi duk rayuwarsa, wato mai zane.

A rana ta uku wata tsohuwa daga Auyo ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ai ya tuba kafin ya tafi, an ce ya bi zane-zanensa duk ya gyara." Iya ta share ido da bakin mayafi ta ce, da ƙarfinta yadda kowa zai ji, "Bai bar ko ɗaya ba. Shekara shida yana yawo a kansu. Ya tafi babu ko ɗaya a wuyansa." Mata suka ce alhamdulillahi. Ni kuwa na tashi kamar zan zaga bayan gida, na tsaya jikin bango. Na san ya bar ɗaya, domin yana ɗakina a ƙasan akwati, kuma ni na ce masa ruwa ya tafi da shi.

Bari in koma baya, don wanda bai san Kawu ba ya san abin da nake tsoro.

Kawu ya gaji zane ne ta hanyar da ba a saba ba. Mahaifinsu magini ne, irin waɗanda ke yi wa fuskar gida ado da yatsa tun ƙasa tana ɗanya. Mahaifiyarsu kuma tana zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Shi sai ya ɗauki buroshi da fenti, ya zauna a wata rumfa kusa da tashar mota. Idan aka ce masa sana'arsa baƙuwa ce, ta Turawa, sai ya ajiye buroshi ya gyara zama, kai kuma ka shiga uku, don ba za ka tashi da wuri ba. "Zana fa," in ji shi, "shi ne ka ja layi a kan abu ya zauna. Babana ya zana a bango, innata ta zana a ƙwarya, wanzami yana zanawa a fuskar jariri, manomi ma idan zai raba fadama da ɗan'uwansa sai ya zana da ƙafarsa a ƙasa. Duk masu zane ne. Kalmar ta girmi fenti, ta girmi Bature, ta girmi kakan kakanka." Ya kan ce mai hoto daban ne, wannan ɗan na'ura ne, ya zo jiya-jiya. Fenta kuwa, da direbobi suka liƙa masa, yana jin haushinsa, ya ce fenta shi ne mai shafe bango da launi ɗaya ya tafi gida. Abokinsa ɗan Filato shi ya kawo "atis", Kawu ya ce sunan kamar mai mura ne ya raɗa shi, amma saboda abota ya bar shi yana kira.

Ba ya taɓa rula. Zai tsaya a gaban allon shago mai tsawon mutum biyu, ya ja numfashi, ya ja layi tun daga wannan gefe har wancan, ka kawo zare ka auna ba za ka sami karkata ba. Sai ya ɗaga hannun dama ya nuna wa 'yan kallo. "Hannun nan bai san karkarwa ba." Yana da fahariya, Allah ya gafarta masa, kuma yana da saurin fushi idan aka ce ya rage wa zaki gashi ko ya ƙara wa kifi girma. Amma ban taɓa ganin ya kori yaro daga rumfarsa ba, kuma duk wadda mijinta ya mutu ta fara 'yar sana'a, shi zai rubuta mata allo ya aika mata har gida.

Mahaifiyata ita ce autarsu, kuma Auta kowa ke ce mata. An aurar da ita a wani ƙauye bayan Auyo. Ina da wata takwas zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar damina, ruwa ya datse hanya, kafin a sami kwalekwale a fito da ita rai ya yi halinsa. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, matan ƙauye a lokacin ba sa yi. Kawu ya je ya ɗauko ni, kuma tun ranar bai kira ni da sunana ba, sai 'Yar Auta.

Ina da shekara bakwai na dawo daga makaranta ina kuka, wata yarinya ta ce mini ni ba ni da uwa, daga kogi aka tsinto ni. Na tambayi Kawu, "Wai ya kamanninta suke?" Washegari ya ciro wani guntun katako daga jikin tsohuwar mota, ya goge shi ya yi sumul, ya shige ɗaki da gwangwanayensa. Kwana uku bai je rumfa ba. Da ya fito da shi ya jingina a jikin randa, Iya tana tankaɗe, ta ɗago kai, sai rariyar ta faɗi daga hannunta. "Auta!" ta ce, ta toshe baki. Mace ce baƙa mai haske, da wushirya, da 'yar tsaga biyu a kowane kunci, ɗankwalinta kore, wuyanta dogo babu komai a kai, tana kallona kamar za ta tambaye ni ko na ci abinci. Kawu ya ce, "Ga uwarki nan. Duk wanda ya sake ce miki daga kogi kike, ki kawo shi nan." Da wannan katako na girma. Da shi na tafi gidan miji, a cikin kayan ɗakina, an naɗe shi da atamfa. Fuskar mahaifiyata ba ni da wata sai wadda Kawu ya ba ni.

Tsoron ya shigo masa ne da tsufa, bayan wata jinya da ya yi ta hawan jini. Ba wai bai taɓa jin malamai suna magana a kan zanen abu mai rai ba. Ya sha ji, ya kan ce shi neman abinci yake, babu mai yi wa zakinsa sujada. Amma wata rana yana zana tarwaɗa a allon wani mai kifi, wani matashin malami ya tsaya ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Baba, ka san da Larabci musawwiri ake ce wa mai wannan aiki? Ka tambaya a gaya maka abin da ke jiransa." Bai ƙara ba, ya wuce. Kawu, da son sanin asalin kalma, sai ya tafi wurin tsohon limamin unguwarmu. Liman ya ce masa kalmar daga sura take, wato siffa, musawwiri shi ne mai ba wa abu siffarsa, kuma wannan yana cikin sunayen Allah, domin shi ne ke siffanta jariri a cikin uwarsa. Ya ce abin da aka karantar da su shi ne, wanda ya zana mai rai, ranar tsayuwa za a kawo masa zanensa a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. Ya ƙara da cewa malamai sun yi saɓani a kan wasu ɓangarorin, kada ya ɗaga hankalinsa. Kawu bai ji wannan ƙarshen ba.

Iya ta ce ranar ya dawo bai ci tuwo ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hannunsa na dama, yana juya shi. "Shekara arba'in ina gyara wa mutane sunan sana'ata," ya ce mata, "ashe akwai wani sunan can da ban sani ba, kuma ba nawa ba ne, na mai sama ne. Zakuna nawa na yi? Dawakai nawa? Mutane nawa? Duk za a jera mini su." Ni da kaina na ga yadda ya koma. Mutumin da ke cika rumfa da dariya ya zama idan ya hango tsohon allonsa a bakin hanya sai ya kau da kai ya yi sauri.

Ya koma wurin liman ya tambayi mafita. Liman ya ce abin da suka taras magabata suna yi, idan an raba kai da gangar jiki, ko da layi ne aka ja a wuya daga gefe zuwa gefe, to ba a ɗaukarsa abin da zai iya rayuwa. Allah ne masani, in ji shi. Wannan magana Kawu ya riƙe da hannu biyu. Ya sayi gwangwanin baƙin fenti, ya zaɓi buroshi mai kauri, ya sa a jakar fata, ya fara yawo.

Bai rubuta su a ko'ina ba, a kansa suke kamar 'ya'yansa. Ya fara da cikin gari. Mai kifin nan ya taso masa da faɗa, "Haba mai zane, ka ɓata mini allo! Kifi yana da wuya ne?" Kawu ya ce, "Yau ya samu," ya ja masa baƙin layi a bayan kai. Shagunan aski su ne suka ba shi sauƙi, tunda kawuna ne kawai a jere babu jiki, ya ce waɗannan tun asali yankakku ne. Mutane suna dariya, ni ma na yi, har ranar da na gan shi a tasha, tsoho ɗan shekara saba'in da ɗoriya, ya hau kan benci yana miƙa hannu ga wuyan wani doki a bayan mota, leɓɓansa suna motsi da istigifari, gumi yana zuba. Daga ranar ban sake dariya ba.

Ya hau babur har Birniwa yana neman motar zakin nan, aka ce an sayar da ita Yobe, ya bi ta, ya same ta a wurin masu fasa tsofaffin motoci, rabin zakin yana kwance a ƙasa kaji suna kiwo a kai, ya durƙusa ya ja masa layi. Ya shiga kwalekwale ta cikin ciyawar kacalla da ta rufe ruwa zuwa wani ƙauye a yankin Kirikasamma, inda ya taɓa zana uwa da jariri a bangon ɗakin shan magani. Ya tarar ambaliya ta rushe bangon tun bara. Ya gaya mini da bakinsa cewa ya ɗaga hannu ya yi godiya a wurin, sai ya juya ya ga mutanen ƙauyen suna kallonsa, mutanen da ruwan ya cinye wa shinkafa da ɗakuna, kunya ta kama shi ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Ki ga abin da tsoro ya mai da ni, 'Yar Auta," ya ce.

Na san zai zo kaina. Duk lokacin da na ji sallamarsa a ƙofar gidanmu sai in ce yau ce ranar. Ya ɗauki shekara biyu bai ce komai ba, ya bar nawa sai ƙarshe. Wata Asabar da rana ya zo da jakar fatar, ya zauna a tabarma, na kawo masa ruwa bai sha ba.

"'Yar Auta, ɗauko mini katakon nan."

Na ce, "Wane katako, Kawu?"

"Kin sani. Layi ɗaya ne. Ba zan taɓa fuskarta ba."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba, ranar na kalle shi. Na ce, "Kawu, uwar tawa za ka yanka? Sau nawa za ta mutu? Kai ka ba ni ita, ka ce ga uwarki nan. Zaki ne ita, ko tarwaɗa?"

Ya ɗora hannunsa a kan jakar. Sannan ya ce a hankali, "Ni za a tambaya, ba ke ba. Za a kawo mini Auta a ce in tashe ta. Ranar da ta mutu ma ina bakin ruwa ina jiran kwalekwale, ban iya komai ba. Kina so a sake tsayar da ni a gabanta?"

Da ina da hankali da na tashi na ɗauko. Amma ni jininsa ce, taurin kan iri ɗaya ne. Na ce ba zan bayar ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai yi mini sallama ba. Wata huɗu bai tako gidana ba, idan na je gaishe shi ya amsa a taƙaice ya ɗauki buta.

A daminar shekarar ruwa ya shigo unguwarmu, ya kai gwiwa a cikin ɗakuna. Katifu suka jiƙe, littattafan makarantar da nake koyarwa suka zama kunu. Katakon bai taɓu ba, don shi na fara ɗorawa a kan kabad. Da ruwa ya janye Kawu ya zo jaje, fushin ya wuce, yana duba bango yana ba maigidana shawara. A nan Shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Kawu, katakon nan ma ruwa ya ci shi." Ya juyo ya dube ni, ya daɗe.

"Ruwa ya ci?"

"Ya ci, Kawu."

"To. Allah ya sa haka shi ya fi alheri."

Daga ranar muka shirya. Ya koma tsokanata, yana ce mini malamar da ba ta iya zana ko ƙwai ba. Ni kuma na naɗe katakon a tsohuwar atamfa, na sa a ƙasan akwatin ƙarfe, na danne da zannuwan da na daina ɗaurawa. Abin da ban zata ba shi ne, ni ma na rasa ta. Shekara huɗu ban buɗe ba. Duk lokacin da na kai hannu sai in ji kamar idan na kalle ta za ta tambaye ni me na yi wa yayanta. Na hana shi, na hana kaina, kuma kowace Juma'a idan liman ya ambaci ranar tsayuwa sai in ga Kawu a tsaye shi kaɗai, an ɗora masa katakona a hannu.

Jinyarsa ta ƙarshe sati biyu ce. Ranar Litinin da azahar ina zaune a gefensa ina yi masa fifita, Iya ta fita ɗauraye kwano. Hannunsa na dama yana ta motsi a kan bargo, yana jan layi daga hagu zuwa dama, ya koma ya sake. Idonsa a buɗe yake amma ba ni yake gani ba. "Saura wa?" yake cewa. "Akwai na gidan mai... a'a, na yi wannan. Saura wa?" Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na matso da bakina kusa da kunnensa, na shirya maganar tsaf: Kawu, ƙarya na yi maka, yana nan, bari in ɗauko. Na ce, "Kawu." Ya juyo, idonsa ya dawo, ya gane ni. Ya kama yatsuna ya ce, "'Yar Auta, kin ci abinci kuwa?" Sai na ce na ci. Iya ta shigo. Na ce a raina gobe da safe zan zo da shi. Washegari da hantsi ya rasu ina cikin aji.

Wannan shi ne abin da ke cikina ranar da Iya ta ce bai bar ko ɗaya ba.

Bayan sadakar uku Iya ta raba 'yan kayansa. Ni ta miƙo mini jakar fatar, da gwangwanin baƙin fenti da buroshin a ciki. Ta ce, "Ke ya fi so, ke za ki riƙe." Na karɓa kamar an miƙo mini garwashi. Na kai gida na ajiye, na kwana biyu ina zagaye ta. Ranar Lahadi da safe na yanke shawara. Ko ya makara ko bai makara ba, zan ja layin da hannuna, in roƙi Allah ya karɓa a madadinsa. Na zuba kananzir a gwangwanin na dama fentin da ya fara daskarewa. Na jawo akwatin, na kwashe zannuwan, na warware atamfar, ina kuka tun kafin in gani.

Tana nan yadda na san ta, da wushiryarta da koren ɗankwalinta. Amma wuyanta ba haka na bar shi ba. Akwai murjani a kai, ja, ƙwaya-ƙwaya a jere, fentinsa ya fi sauran sheƙi.

Na ƙwala wa maigidana kira. Ya shigo ya ga abin da ke hannuna, ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai. Ya ce shekara biyu ke nan. Wata safiya ina makaranta Kawu ya yi sallama, suka gaisa a zaure, sai ya ce masa, "Shiga ka ɗauko mini abin da ruwa ya ci." Maigidana ya ce, "Surukina ne, ya zan yi in ce masa a'a? Na ɗauko. Ya ce in ba shi wuri. Tun hantsi yake zaune da shi a cinya har aka kusa kiran azahar. Na leƙa sau biyu, bai ma buɗe jakar ba, fuskar mahaifiyarki kawai yake kallo. Sai can na ji yana neman jan fenti, na je na samo masa. Da ya gama ya jira ya bushe, ya naɗe da kansa yadda kika naɗe. Ya ce kada in gaya miki, wai idan kika san ya sani, ba za ki ƙara iya haɗa ido da shi ba."

Na kai wa Iya katakon a ɓoye cikin mayafi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan ƙwayoyin. "Murjanin Auta ne," ta ce. "Na innarsu ne, da shi aka kai ta ɗaki." Ashe ita ma ta sani. Shi ya sa ta faɗi abin da ta faɗa a gaban mata da ƙarfinta, ni ce kawai ban gane ba.

Ya kamata a ce hankalina ya kwanta, amma bai kwanta duka ba. Na fito da katakon tsakar gida inda rana take, na duba da kyau. Layin yana nan a ƙarƙashin murjanin, ya taso daga wannan gefe ya kai wancan, bai tsallake ko'ina ba. Sai dai duk sauran da ya ja, a wuyan zaki da doki da mutanen da bai sani ba, baƙaƙe ne masu kaurin yatsa, ana hango su daga tsallaken titi. Wannan siriri ne kamar zare, kuma ya lulluɓe shi da ado. Mutumin da ya bi rabin zaki har Yobe don tsoron ranar tsayuwa, da ya zo kan wanda ya fi tsoro, sai ya rage wa layin kauri don kada 'yar ƙanwarsa ta buɗe akwati ta ga an yanka mata uwa. Ban sani ba ko siririn layi yana isa. Ban tambayi liman ba, ina tsoron amsar. Ina jin shi ma bai sani ba, watakila shi ya sa ranar Litinin hannunsa yake ta ja a kan bargo yana tambayar saura wa.

Akwai wani abu kuma da sai a rana na gan shi. Daidai maƙogwaro, inda ƙwayar tsakiya take, layin ya ɗan kauce ya dawo. Hannun ya yi karkarwa.

Na rufe gwangwanin baƙin fentin ban taɓa shi ba. Katakon yanzu yana jingine a ɗakina, na daina ɓoye shi. Jikokina idan sun tambaya wa ya yi, ina ce musu kawuna ne, mai zane, kuma ina gaya musu abin da kalmar take nufi yadda ya gaya mini, mai jan layi a kan abu ya zauna.

Ya Allah, kai ne mai siffantawa, shi layi kawai ya iya ja, kuma ya san haka kafin ya zo maka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka cire masa tsoron da ya kwana da shi shekara shida, ka haɗa shi da Autarsa a inda babu ruwan da zai datse hanya. Idan kuwa layin nan bai isa ba, kada a tambaye shi. Ni ce na sa ya sirance, ni za a tambaya.